1591: An Jira Tashin Duniya, Sai Songhai Ta Faɗi

Wanda ya ga lambar 1591 a kalandar Bature ba zai ga abin da zai sa gabansa ya faɗi ba. Amma Musulmin wancan zamani ba da wannan kalanda suke ƙirga kwanakinsu ba. A wurinsu shekarar ta kama ne a cikin 999 bayan Hijira, kuma ranar 19 ga Oktoba aka shiga Muharram na shekara ta 1000. Daga Fas har Lahor tambaya ɗaya ke yawo a bakin mutane: anya al'ummar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, za ta haura shekara dubu? Akwai wata magana da ta daɗe tana zagayawa, wai Annabi ba zai cika shekara dubu a kabarinsa ba sai an busa ƙaho. Ta yi ƙarfi har sai da Jalaluddini Suyuɗi na Alƙahira ya ɗauki alƙalami, kusan shekara ɗari kafin lokacin, ya rubuta 'yar risala ya ce maganar ba ta da tushe. Al'umma za ta wuce dubu, in ji shi, sai dai abin da za ta ɗora a kai ba zai kai ɗari biyar ba. Suyuɗin nan kuwa ba baƙo ba ne a wajenmu. Shi ne ɗaya daga cikin Jalalai biyu na tafsirin da ake ja a masallatanmu duk watan azumi, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas takardar nasiha, kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya zauna gabansa a Misira lokacin da ya tafi aikin Hajji.

Talaka na tsoron ƙarshen duniya, sarakuna kuwa na lissafin yadda za su ci moriyar tsoron. A Indiya, Sarki Akbar ya riga kowa shiri: tun 1582 ya tara malamai su rubuta tarihin shekara dubu na Musulunci, da lokacin ya zo kuma ya sa aka buga kuɗi da kalmar "alf", wato dubu, a jikinsu. Fadawansa na nuna cewa zamani ɗaya ya shuɗe, wani sabo ya kama, shi ne kuma fitilarsa. Martanin da wannan ya jawo daga baya shi ya fito da Shaihu Ahmad Sirhindi, wanda mabiyansa suka kira mujaddadin dubu ta biyu. A kudancin Indiyar, Muhammad Ƙuli Ƙuɗub Shah ya kafa birnin Haidarabad a 1591, ya gina hasumiyoyin nan huɗu na Carminar a tsakiyarsa. A Farisa abin ya fi ban mamaki. A 1593 mai duban taurarin fada ya gaya wa Shah Abbas cewa wani sarki zai halaka a ƙasar, sai Shah ya sauka daga gado, ya ɗora wani maɗinkin kwari mai suna Yusuf, ɗan wata ƙungiya da ke wa'azin sauyin zamani, ya bar shi ya yi sarauta kwana uku, sannan aka kashe shi. Taurari sun samu sarkinsu, Abbas ya koma gadonsa. A Istanbul kuwa damuwar Sarki Murad na Uku ta aljihu ce. An rage azurfar da ke cikin kuɗin daula, a 1589 sojojin fada suka ƙi karɓar albashi da wannan kuɗi mara nauyi, suka kutsa fada, ba su fita ba sai da aka miƙa musu kawunan manyan ma'aikata biyu.

Amma a cikin sarakunan Musulmi na wannan shekara, wanda ya mai da zancen dubu ya zama albarushi da raƙuma shi ne Ahmad al-Mansur na Maroko.

Yadda ya hau mulki ma labari ne. A Agustan 1578 Sarkin Fotugal Sebastiyan, saurayi mai zafin kai, ya ƙetaro teku ya shigo Maroko don ya mai da wani sarki da aka tuɓe. Aka haɗu a Wadil Makhazin. A rana ɗaya sarakuna uku suka mutu: Sebastiyan, da tuɓaɓɓen sarkin da ya gayyato shi, da Abdulmalik mai mulkin Maroko wanda dama ba shi da lafiya. Ƙaninsa Ahmad ya wayi gari da sarauta, da laƙabin al-Mansur, da kuma ɗaruruwan 'ya'yan manyan Fotugal a hannu, waɗanda danginsu suka fanshe su da dukiya mai yawa. Da wannan kuɗi ya fara gina fadar Badi'u a Marakesh, wadda ake ba da labarin cewa an sayo duwatsun adonta daga Italiya ana auna su da sukari, nauyi da nauyi. Ya kafa rundunar 'yan bindiga irin ta Turkawa, mai cin albashi. Irin wannan runduna da irin wannan fada ba sa jin "babu". Kuɗin fansa kuma sau ɗaya ake karɓarsa.

Sai a dubi inda yake zaune. Arewa da shi akwai Filib na Biyu na Sifen, wanda ya haɗiye Fotugal a 1580, ga azurfar Amurka na kwarara cikin baitulmalinsa. Gabas da shi Turkawa sun riƙe Aljeriya har Tilimsan. Yamma teku ce. Ƙofa ɗaya ce ba a rufe ba, ita ce ta kudu. Ga shi kuma sharifi ne, yana danganta kansa da gidan Annabi, saboda haka a ganinsa shi ya cancanci halifancin Musulmi, ba Baturke da ba Baƙuraishe ba. Takardun fadarsa cike suke da wannan da'awa, har da alamun cewa gidansa ne zai riƙe amana zuwa ƙarshen zamani. Halifa kuwa ba ya "cin ƙasa" idan ya shiga ƙasar Musulmi, haɗa kan al'umma yake yi. Wannan ita ce rigar da aka sa wa yaƙin, kuma ban ɗauka riga ce kawai ba. Alamu sun nuna mutumin ya yarda da abin da yake faɗa. Samun abin da ka yi imani da shi ya zo daidai da abin da aljihunka ke so ba sabon abu ba ne a wajen masu mulki.

Barno ce ta fara ba shi abin kafa hujja. Mai Idris Alauma ya nemi taimakon Istanbul tun a shekarun 1570, bai samu yadda yake so ba, sai ya aika manzo Maroko a 1582 yana neman bindigogi da sojoji. Al-Mansur ya ce to, amma sai an yi masa mubaya'a a matsayin halifa. Magatakardansa ne ma ya rubuta takardar mubaya'ar aka ba manzo ya kai. Ko Alauma ya ɗauki abin da nauyi ko ya ɗauke shi ladabin fada, a Marakesh dai an ajiye takardar a matsayin shaida cewa ɗaya daga cikin manyan daulolin Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, ta bi. Saura Songhai.

Rigimar Maroko da Songhai ta girmi al-Mansur, kuma a kan gishiri take. Tagaza wani fili ne a tsakiyar Sahara inda ake sassaƙo gishiri allo-allo, dangin wanda a kasuwanninmu ake kira gallo. Babu ciyawa, babu ruwan daɗi, gidajen ma da gishiri ake gina su, bayi ne ke haƙa. Amma duk zinariyar da ke haurawa arewa, da gishirin nan ake jawo ta daga kudu. Wanda ya riƙe Tagaza ya riƙe maƙogwaron cinikin. A shekarun 1540 wani sarkin Maroko ya nemi Askiya Ishaƙ na Ɗaya ya sakar masa wurin, amsar da ya samu ita ce Buzaye dubu biyu da suka kai hari har kwarin Dar'a. Askiya Dawuda, wanda ya fi sanin siyasa, da al-Mansur ya nemi harajin wurin sai ya aika masa da kyautar zinariya miskali dubu goma, aka zauna lafiya. Bayan mutuwar Dawuda aka dawo gidan jiya. A 1583 Maroko ta kama Tuwat da Gurara, zangon ayarin da ke bi ta tsakiyar hamada. Bayan 'yan shekaru ta aika 'yan bindiga ɗari biyu Tagaza, suka tarar kowa ya watse, masu haƙa sun koma wasu wurare, cikinsu har da Tawdani inda ake haƙa har yau. Wannan ya isa ya zama darasi: ciniki ba birni ba ne da za a kewaye a ci. Al-Mansur ya ɗauki darasin a juye. Ya ga cewa tunda riƙe gishiri bai wadatar ba, sai a je a riƙe inda zinariyar take.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi cikin gidan Songhai, don yawancin masu ba da labarin suna tsallake shi su tafi kai tsaye wajen bindiga. Daular ba ta da tsayayyar ƙa'idar gado. Tun da Musa ya tuɓe mahaifinsa Askiya Muhammadu, duk ɗan sarkin da ya ga yana da dawakai sai ya ga ya isa. Dawuda ya riƙe abin shekara talatin da uku, daga 1549, da ya rasu sai 'ya'yansa suka shiga bi da bi: Alhaji shekara huɗu aka tuɓe shi, Muhammadu Bani bai cika biyu ba. A 1588 abin ya fashe, kuma a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. A Kabara, mashigin jiragen ruwan Timbuktu, wakilin Askiya ya zargi wani bawan Balama Sadiƙ da satar tufa, ya sa aka yi masa bulala. Balama, wanda ɗan Dawuda ne kuma babban kwamandan yamma, ya je da kansa ya kashe wakilin. Daga nan babu komawa baya. Ya kashe ɗan'uwansa Salihu mai riƙe da yammacin daula bayan sun saɓa, ya tattara rundunar yamma ya nufi Gawo, babban birnin daular, mutanen Timbuktu na yi masa murna suna kiransa Askiya. Muhammadu Bani ya fito tarbarsa ya mutu a sansani kafin a gwabza, aka naɗa Ishaƙ na Biyu. Ishaƙ ya ci yaƙin, sannan ya bi manyan yamma ɗaya bayan ɗaya, wasu ya kashe, wasu ya ɗaure. Wato shekara uku kafin baƙi su iso, rabin rundunar Songhai ta cinye ɗaya rabin, kuma birnin malamai da attajirai ya riga ya nuna cewa zuciyarsa ba ta tare da Gawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin tsagewar ya isa Marakesh ta bakin wani bawan fada, Wuld Kirinfil, wanda Askiya ya kora zuwa Tagaza ya gudu daga can. Ya ce shi ɗan'uwan Askiya ne da aka ƙwace wa sarauta, ya bayyana raunin daular. Al-Mansur ya rubuta wa Ishaƙ yana neman miskali ɗaya a kan kowane kayan gishiri, wai don ciyar da rundunar da ke tsare Musulmi daga Nasara. Ishaƙ ya mayar da amsa mai zafi, ya haɗa da mashi da takalman ƙarfe. Saƙon ba ya buƙatar tafinta.

Da al-Mansur ya tara manyansa ya faɗa musu niyyarsa, ba su goyi baya ba. Suka ce hamada ce da tsuntsu ma ke tsoro, kuma babu wani sarkin Magrib da ya taɓa gwada haka. Amsarsa, kamar yadda marubutan Maroko suka kawo ta, ta ƙunshi duk lissafinsa: fatake marasa makami suna ƙetare ta kowace shekara, sarakunan da suka gabata hankalinsu na kan Andalus da gabas ne, yanzu kuwa waɗannan ƙofofi sun rufe, sannan su da mashi da kibiya suka yi zamani, shi kuwa yana da albarushi, mutanen Sudan ba su da shi.

A Oktoban 1590 runduna ta fita daga Marakesh. Wani Basifaniye da ke birnin a lokacin ya bar lissafinta: mayaƙa wajen dubu huɗu, dubu biyu 'yan bindiga a ƙasa, ɗari biyar 'yan bindiga a kan doki, dubu ɗaya da ɗari biyar masu mashi, da raƙuma dubu takwas ɗauke da ruwa, albarushi, dalma, tantuna da dabino. 'Yan bindigar nan galibinsu ba 'yan asalin Maroko ba ne. Rabi Andalusawa ne da aka raba da ƙasarsu, rabi Turawa ne da aka kamo ko suka gudo suka musulunta, har da yawa a cikinsu Sifaniyanci suke yi a tsakaninsu. Madugunsu Judar Basha, dandaƙaƙƙen bawan fada ne, gajere mai shuɗin ido, an kamo shi yana yaro daga wani ƙauye a kudancin Sifen. Abin lura ne cewa rundunar da halifa Baƙuraishe ya aika ta haɗa kan Musulmi, 'ya'yan Nasara ne a gabanta. Sun yi fiye da wata huɗu a hanya. Waɗanda suka iso bakin Kwara kusa da Bamba a ƙarshen Fabrairun 1591 ba su kai waɗanda suka taso ba, kuma a galabaice suka iso. Ba a cike musu rijiyoyin hanya ba, ba a kuma auka musu suna cikin gajiya ba. Sai da suka huta suka sha ruwa.

Aka haɗu ranar 13 ga Maris, 17 ga Jimada Ula 999, a Tondibi, wato "baƙin dutse" da harshen Songhai, arewa da Gawo. Littattafan tarihin Timbuktu sun saɓa a kan yawan mutanen Askiya: Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya ce dawakai 12,500 da dakaru 30,000, Tarikhul Fattash ya ce dawakai 18,000 da dakaru 9,700. Ko wanne aka ɗauka, sun ninka baƙin sau da yawa. Dabarar Songhai ita ce a kora shanu dubu a gaba su tattake 'yan bindiga, mayaƙa na biye a bayansu. Da shanun suka ji ƙarar da ba su taɓa ji ba sai suka juyo kan masu su. Askiya ya juya da dokinsa tun yaƙi bai yi nisa ba, bisa shawarar wani malamin fadarsa. Waɗanda suka tsaya su ne wasu zaɓaɓɓun dakaru da al'adarsu ta hana su gudu: suka jefa garkuwoyinsu ƙasa suka zauna a kai, aka kashe su a zaune, aka zare mundayen zinariya daga hannuwansu. Ifrani, marubucin tarihin Maroko, ya ce ana kashe mutanen Songhai suna cewa su Musulmi ne, 'yan'uwa ne a addini.

To, bindiga ce ta ci Songhai? Ta ci Tondibi, wannan babu musu. Amma bindigar wancan zamani da lagwani ake kunna ta, ɗurinta na ɗaukar lokaci, ruwan sama na kashe ta, kuma albarushinta daga bayan hamada yake zuwa. Barade dubu goma da suka yarda da juna, ƙarƙashin sarkin da ya tsaya, da sun iya jure wuta ta farko su isa kan masu ita kafin su sake ɗuri. Abin da ya rasa a Tondibi shi ne wannan yarda. Ba kuma za a ce ba a san bindiga a Sudan ba. Alauma na Barno yana da 'yan bindiga Turkawa da bayin fada da aka horar tun shekarun 1570, limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta yadda aka yi amfani da su. Barno na da hanyar Fezzan zuwa Tarabulus, tana sayen abin da take so daga Turkawa. Songhai kuwa ƙofarta ta arewa a hannun wanda ke shirin cin ta take. Ga kuma sarakunan yaƙinta, waɗanda darajarsu a kan doki da mashi take, ba su da dalilin son makamin da zai daidaita bawa da ɗan sarki.

Abin da ya biyo baya shi ya fi koyar da mai karatu. Judar ya shiga Gawo ya tarar mutane sun ƙetare kogi da dukiyarsu. Ya duba fadar Askiya, ya rubuta wa ubangidansa cewa gidan sarkin masu jakuna na Marakesh ya fi ta. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo. Zinariyar da ake gani a Timbuktu da Gawo wucewa take yi. Ramukanta suna can nesa a Bambuk da Bure da ƙasar Akan ta Gana ta yau, tafiyar makonni cikin daji da ƙudan tsando, a hannun mutanen da Askiya kansa bai mallake su ba. Wangarawa ne ke kawo ta, kuma tun da Fotugal ta gina ganuwar Elmina a 1482 wani kaso nata ya riga ya juya zuwa bakin teku. Ishaƙ ya aiko da tayin sulhu: miskali dubu ɗari da bayi dubu, baƙi su koma. Judar, wanda zazzaɓi ya fara kashe masa mutane da dabbobi, ya ga tayin da kyau, ya aika Marakesh, ya janye zuwa Timbuktu ya rushe gidajen unguwar Gadamisawa ya gina sansani. A ganina shi kaɗai ne a cikin labarin nan ya fahimci ainihin abin da aka samu. Al-Mansur ya fusata, ya tuɓe shi, ya aiko Mahmud bin Zarƙun, wanda ya iso a Agusta. Da Mahmud ya ga babu jiragen ƙetare kogi, sai ya sa aka sare itatuwan Timbuktu aka ɓalle ƙyamaren gidaje aka haɗa jirage. A tsakiyar Oktoba ya sake karya Ishaƙ kusa da Bamba.

Kwanaki kaɗan bayan haka shekara ta 1000 ta kama. Rana ba ta fito daga yamma ba. A Timbuktu dai watannin farkonta na tarzoma ne, mutanen gari suka tashi a kan sojojin da aka bar musu, Buzaye suka shigo da sunan taimako suka sa wuta. Sa'adi, wanda aka haifa 'yan shekaru bayan haka, ya kwatanta zamanin da cewa aminci ya koma tsoro, wadata ta koma ƙunci, kuma bai ɗora laifin duka a kan baƙi ba, ya ce mutanen Songhai sun riga sun lalata kansu. A Rum ta Nasara ma watannin ba su zo da sauƙi ba: Fafaroma Giregori na Sha Huɗu ya mutu kwana uku kafin shigar Muharram, wanda ya gaje shi bai ga ƙarshen Disamba ba. A wannan birni kuma, a daidai wannan lokaci, wata maɗaba'a ta gidan Medici na buga littattafai da haruffan Larabci. Ta fitar da Linjila, a 1592 kuma ta buga Ajurrumiyya, littafin nahawun da ɗaliban masallacin Sankore na Timbuktu ke kwafa da hannu, wanda almajiranmu ke haddacewa har gobe.

Songhai ba ta mutu a rana ɗaya ba. Mutanen Ishaƙ suka tuɓe shi, ya gudu Gurma aka kashe shi a can. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Gawo, Mahmud ya gayyace shi sulhu ya kama shi ya kashe. Sai Askiya Nuhu ya ja ragowar jama'a zuwa Dandi, ƙasar da ke kudu a bakin kogi, wajen Gaya ta Nijar ta yau da arewacin Binin. A can, cikin fadama da kurmi da sauro, bindiga ta rasa kwarjininta. Shekaru aka yi ana kwanton ɓauna, sojojin Maroko na mutuwa da ciwon ciki da zazzaɓi fiye da yadda kibiya ke kashe su. A nan ne labarin ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. Kabi, wadda Kanta ya fitar daga hannun Songhai tun wajen 1516 bayan rigimar rabon ganimar Agadas, yanzu ita ce ta zama bangon jinginar tsofaffin iyayen gidanta. Akwai takardar da al-Mansur ya aika wa Kanta Dawuda yana zarginsa da ba 'yan gudun Songhai mafaka da taimaka musu da dawakai, da kuma tare hanyar mutanen Kano da Katsina waɗanda, a faɗarsa, suke son shiga ɗa'arsa. Ya yi barazana, amma rundunarsa ba ta taɓa isa Surame, babban birnin Kabi, ba. Da aka kashe Mahmud bin Zarƙun a 1595 a duwatsun yamma, an kai kansa wajen Askiya Nuhu, shi kuma ya aika wa Kanta, aka kafa shi a kan sanda a kasuwar Leka.

Ba a ce Maroko ba ta samu komai ba. Wani ɗan kasuwa Bature na Ingila da ke Marakesh ya rubuta a 1594 cewa ya ga alfadarai talatin sun shigo ɗauke da zinariya, da Judar ya koma a 1599 kuma wani ya ƙirga raƙuma talatin na garin zinariya, ban da bayi. Daga nan laƙabin "Azzahabi", mai zinariya, ya ƙara manne wa sarki. Sai dai yawancin wannan ganima ce da ƙwace, abin da aka tara a gidajen attajirai shekara da shekaru, ba sabon haƙo ba. Wanda ya yanka saniyar tatsa zai ci nama, amma na kwana nawa? Fatake kuwa ba sa zama inda babu aminci. A ƙarni na 17 nauyin cinikin Sahara ya riƙa karkata gabas, zuwa hanyar Agadas da Gat da Tarabulus, abin da ya ƙara wa Katsina da Kano da Barno ƙarfi. Bai kamata a ɗora wannan duka a kan Tondibi ba, don akwai fari da yunwa da suka addabi lanƙwasar Kwara, akwai kuma jiragen Turawa a bakin teku. Amma 1591 ta tura abin da dama ya fara gangarawa. Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603, 'ya'yansa suka yayyaga ƙasar, aka kashe Judar a cikin rikicinsu. Sojojin da aka bari a Timbuktu suka fara naɗa Basha da kansu, suka auri matan gari, jikokinsu suka zama Arma, daga kalmar Larabci "rumatu", maharba. Ɗan al-Mansur, Zaidan, an ruwaito ya ce ya duba rajistar mahaifinsa ya ga mutum 23,000 aka aika Sudan, waɗanda suka dawo ba su wuce 500 ba.

Wanda ya ji wannan lissafi daga bakin Zaidan shi ne Ahmad Baba, malamin Timbuktu. A Oktoban 1593 Mahmud ya tara malaman Timbuktu a masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a, ya sa aka rufe ƙofofi, aka kama iyalin Aƙit, gidan da ya riƙe alƙalancin birnin kusan ƙarni guda, aka kashe wasu a hanya, aka washe gidajensu. Ahmad Baba ɗan wannan gida ne, kakansa ya taɓa koyarwa a Kano. A 1594 aka tasa ƙeyarsu cikin mari zuwa Marakesh, har da tsohon Alƙali Umar wanda ya rasu a can. Ahmad Baba ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa. Ya ce an kwashe masa littattafai 1,600, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai a danginsa.

Marubucin tarihin Maroko, Ifrani, ya kawo yadda suka yi da sarki. Ya tarar al-Mansur na magana da mutane ta bayan labule, sai ya ce masa Allah ne kaɗai ke magana da ɗan Adam ta bayan shamaki, in yana da magana da shi ya sauko. Sarki ya ɗage labule. Malam ya tambaye shi dalilin washe masa kaya da ɗaure shi. Sarki ya ce yana son haɗa kalmar Musulmi ne. Malam ya ce, to me ya hana ka fara da Turkawan Tilimsan da suka fi kusa da kai? Sarki ya kawo hadisin da ya ce a ƙyale Turkawa muddin sun ƙyale ku. Malam ya mayar masa da wata ruwaya daga Ibn Abbas da ta saɓa wa wannan, sarki ya yi shiru, majalisa ta tashi. Bayan an sake shi daga kurkuku aka hana shi barin gari, sai ya zauna yana karantarwa a masallacin Sharifai, alƙalai da muftai na Maroko na zama a gabansa.

Sai a 1608 ya sake ganin Timbuktu. Daga baya mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya game da bayin da ake haurowa da su daga Sudan, wanne ya halatta a saya. A 1615 ya amsa cewa baƙar fata ba ta sa mutum ya zama bawa, kuma ya jera ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, waɗanda bai halatta a mallake su ba ta kowace fuska. A cikin jerin akwai Barno, da Kano, da Katsina, da Songhai.